Ranar da na yanke wa tanderu hukuncin mutuwa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da dama, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙungiyar maƙera ta garinmu, Birnin Gwari, ta ƙaddamar da sabon tanderunta ba. Shekara talatin na yi a masana'antar narka ƙarfe a Kaduna, inda muke gane zafin wuta da ido: ja ne, ruwan goro ne, ko fari. Saboda haka ni aka gayyata in duba aikin in sa albarka. (Babbar riga na saka domin duba tanderu. Mai karatu ya auna halina daga nan.)

Aikin tanderun shi ne gasa bakin garma domin ya yi ƙwari, manoman Dogon Dawa kuwa suna jiran kayansu kafin ruwa ya sauka. Wadda ta haɗa shi ita ce Injiniya Ladi, 'yar wani tsohon abokina. Ta fara bayani, na ɗaga mata hannu.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake shan wannan hayaƙi."

Aka jera bakunan garma a ciki, aka kunna, wuta ta yi ta ruri. Can sai ta yi tsit. Na leƙa ta 'yar taga, ban ga harshen wuta ba. Na juyo, na gyara riga, na sanar da jama'a cewa tanderu ya mutu, a buɗe a ceci abin da ke ciki. Shugaban maƙera, Malam Tanko, ya yi wa Ladi kallon da ba na fatan a yi wa ɗan kowa. Har an ɗauko awartaki.

"Baba, don Allah kada a buɗe," in ji ta. "Bai mutu ba."

Ina tsakiyar kawo misalai daga zamaninmu, sai wutar ta tashi da kanta a bayana. Na yi tsallen da ban san yana jikina ba, hulata ta faɗa cikin kwamin ruwan da ake tsoma ƙarfe.

Ladi ta tsamo ta, sannan ta yi bayani cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Akwai wata sanda mai jin zafi a cikin tanderun, wadda take sanar da na'ura halin da ake ciki a kowane lokaci. An riga an saita zafin da ake so. Idan ya kai, na'urar ta tsayar da gas. Idan ya ɗan sauka, ta sake kunnawa. Da an buɗe ƙofar, da iska ta shiga, aikin manoma ya lalace.

"Alhaji," in ji Malam Tanko, "mamacin naka ya farfaɗo. Mu sallami masu haƙa kabari?"

Na koma gida da jiƙaƙƙiyar hula da darasi guda. Ita na'ura idan ta kai iyakarta takan yi shiru, ni kuwa a nan nake fara jawabi.