Katin da Janar Ya Ɓoye

A yi wa Janar adalci: ba a sake haifar mayaƙi irinsa ba. Gaskiya ne bai taɓa taka bariki ba, kuma ko taya ce ta fashe a titi sai an lalubo shi a bayan kanta. Amma a ɗakin da ke saman shagon tela, inda ƙungiyar masu wasan yaƙin allo take haɗuwa, shi ne Dodon Taswira. Da rana tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa. Da yamma yakan ɗage tabarau zuwa goshi, ya tura sojojin katako su mutu, ko gezau.

Shi ya kawo wa ƙungiyar sabon salo, wanda ba ka motsa soja sai katin hannunka ya ba ka izini: wannan na rundunar dama, wancan na tsakiya.

"Wannan shi ne yaƙi na gaskiya," in ji shi. "Mu kwamandoji mun san ba kullum umarni yake isa fagen fama ba."

Abin da bai faɗa ba shi ne, a tsohon wasan in an lallasa ka, kai ne dai ba ka iya ba. Yanzu kuwa in ya ci, basira ce. In an ci shi, kati ne. Laifi tudu ne. Nan da nan ƙungiyar ta cika maƙil, domin kowane rago ya samu abin da zai ɗora wa laifi.

Da girma ya hau masa kai, sai ya kafa doka: duk wanda ya doke shugaba a gaban jama'a, kujerar shugabanci tasa ce. Wanda ya miƙe kuwa ƙanin matarsa ne, likitan haƙori, mutumin da ke jefa duk katin da ya zo masa yana hamma.

A rabon farko Janar ya samu katin Babban Farmaki, wanda ke ta da runduna duka a lokaci guda. Ya zura shi a aljihun gaba, ya dafa shi kamar mai ciwon ƙirji.

"Ƙaramin kwamanda ne yake gaggawa," ya sanar. "Mu lokaci muke jira."

Dokin mai baki ya fi gudu. Likita ya cinye rundunar dama, Janar ya ce tarko ne. Ya share tsakiya, Janar ya ce dabara ce da sai jikoki za su gane. A gaskiya tsoro yake ji: in ya jefa katin bai yi aiki ba, da me zai fake?

"Yaya, ko in tsaya ka sha ruwa?" in ji likita.

"Yi ta kanka, mai cire haƙori!"

Sai da gumi ya jiƙa aljihun sannan Janar ya miƙe, ya gyara murya, ya buga katin a kan allo har kofuna suka yi tsalle.

"Runduna duka, a afka musu!"

Likita ya leƙa taswirar, ya duba dama, ya duba hagu, har ya ɗaga gefen allon ko wani sojan Janar ya faɗa ƙasa, amma ko ɗaya bai rage ba.

"Yaya," ya ce a hankali, yana jawo kujerar shugabanci, "da wa kake magana?"