Rigar Yaya da Littattafan Lauyoyi

"Lafiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata min safiyar," in ji telar, ko ɗago kai daga keken ɗinki ba ta yi ba.

Mai sallamar Gwanjo ne, ɗan kawunta, mai sayar da tsofaffin littattafai a kan tebur a bakin tasha. Taubasai ne, kuma tun suna yara gaisuwarsu ba ta rabuwa da cizo. Shi ya ɗora ta a kan littattafan lauyoyi, irin waɗanda ake damƙe mugu a shafin ƙarshe, ita kuwa ta sha su kamar ruwa. Ana cikin haka rigima ta tashi tsakaninta da yayanta a kan shagon nan da mahaifinsu ya bari. Yayan yana so a sayar, ita ta ce Baba ya ba ta tun yana raye. Dangi suka ce a zauna a gida, ta ce sai kotu, ta kuma yi nasara. Tun daga ranar Yaya bai sake taka layin ba. Yanzu ga shi kwance a asibiti, hawan jini ya taɓa masa hannu, kunya kuma ta hana ta zuwa.

Gwanjo ya ture tarin yadi ya zauna, ya ɗora wata baƙar leda a cinya.

"Ranki ya daɗe, Mai Shari'a. Baiwata ta ci kotu, ta daina gaida ubangidanta."

"Ubangidan da tebur ɗaya ya mallaka, shi ma ƙafarsa guda bulo ne? Mene ne a ledar? In littafi ne, fita da shi."

"Da ba haka kike cewa ba. Da har gida kike biyo ni, kina cewa Gwanjo taimaka, na tsaya a inda shaida ya ɓace."

"Ai shaidar ne ya cuce ni. A littafinka kullum sai alƙali ya ɗaga guduma, sai ga mutum ya banko ƙofa yana haki, jini a goshi, yana cewa a dakata. Ni na zauna ina kallon ƙofar kotun nan har wuyana ya sage. Ka san wa ya shigo? Mai gyaran fanka."

"To ai shi ma shaida ne. Ya shaida zafi."

"Gudumar ma babu ita. Biro ne a hannun alƙalin, kansa a sunkuye yana rubutu, rabin zaman saman hularsa kawai na gani."

"Lauyanki fa? Bai zagaya ɗakin yana nuna mutane da yatsa ba?"

"Mura yake yi. Ya tashi, ya karanta takarda kamar mai karanta bayanin magani, ya fyace hanci, ya zauna. Aka ɗaga zaman. Muka dawo, aka ce alƙali ya tafi taro. Muka dawo, ɗaya lauyan ya yi tafiya. A littafinka da safe ake kisa, kafin la'asar lauya ya hau babur ya gano komai, ko abinci ba ya ci."

"Wannan laifin aljihunki ne. Kin ɗauko lauya na gwanjo."

"Duk abin da ke da sunanka ai haka yake."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ja ƙafa daga keken, ta zungura wani kwali da ke ƙarƙashin teburin yanka. Cike yake da littattafan, wasu bangon ya fita.

"Kwashe kayanka. Wanda ya rubuta su bai taɓa zama a bencin kotu cinyarsa ta mutu ba. Kuma mutane ba sa magana haka. Wa ka taɓa ji ana tambayarsa ina yake ranar Laraba, ya amsa da jawabi mai shafi guda a kan gaskiya da adalci?"

"Ke mana. Ba ke kika haddace jawabi ba? A nan na same ki kina yi wa mutum-mutumin gwada riga, har da dafa ƙirji."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta ji ta har ciki. Ta ɗauki almakashi ta ajiye.

"Na haddace. Ko kalma ɗaya ba a bar ni na faɗa ba. Aka ce in amsa da e ko a'a. Sai lauyan Yaya ya ce, kina nufin yayanki ƙarya yake yi? Na ce e."

"Na ji. Ranar ina bayanki a zaune."

"A littafi nan ne wurin da ɗaki ke rikicewa, mugu ya fashe da kuka ya tona kansa. Ni ba wanda ya motsa. Yaya ya cire tabaraunsa ya goge, ya mayar. Shi ke nan. Kuma mugun littafi yana da tabo a fuska, ba shi da kowa. Nawa shi ne ya riƙa goya ni a wuya zuwa makaranta. Shi ya koya min zura zare a wannan keken."

Gwanjo ya sosa ƙeya. Tsokana ce sana'arsa ta biyu, amma yau ta yi masa nauyi a baki.

"Abin da ya fi ba ni haushi," ta ci gaba, "duk a ƙofar kotu suke ƙarewa. An ci shari'a, an rungumi lauya, sai bango. Ba wanda ya rubuta abin da ake yi washegari, in na ga Yaya a kasuwa ya tsallaka titi. Na yi nadama, Gwanjo. Shagon yana hannuna, amma ko shayi ba ya min daɗi a cikinsa."

"To ni dai ba littafi na kawo ba. Aiki ne, in kin iya."

Ya zazzage ledar a kan teburin. Tsohuwar riga ce mai ruwan toka, wuyanta ya koɗe.

"Daga asibiti nake. Hannun ba ya iya ɓalla maɓalli, ana so a buɗe gaban a sa zif. Ya ce a kai wa tela. Bai ce wane tela ba. Na ce na san wata, ba ta iya ba, amma tana da araha."

Ta ɗaga rigar, sai idonta ya sauka a kan aljihun. A karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ɗinkinta ne na farko, tun tana koyo.

"Har yanzu yana da wannan abin kunyar?"

"Ita ya sa ranar hukunci. Ke kina can kina kallon ƙofa."

 Ta jawo akwatin zif ta fara gwada launi.

"In na je me zan ce masa? Ba littafin da ya koya min."

"Ki ce sannu, Yaya. In ya gagare ki, ki ce e ko a'a, ai kin ƙware."

Dariyar ta kuɓuce mata tare da hawaye, ta goge da bakin mayafi.

"Allah ya shirye ka. Ka yi galaba a kaina yau, na yarda. Ɗauki kwalin nan, kyauta na ba ka, ka je ka ɓata wasu."

"Littattafaina za ki ba ni kyauta?"

"Ɗauka kafin in fasa. Kuma kada ka tafi, kai za ka shiga gaba in mun je asibitin."

Ta kwantar da rigar a ƙarƙashin allura, ta warware maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Gwanjo ya leƙo, ya ce tunda abin ya zo hannu ta gyara aljihun mana.

"A'a," ta ce, ta taka keken. "Da shi zai gane wa ya ɗinka."