Dakta Sama-Jannati da Taron Kimiyya na Haɗeja

Duk wanda ya ce Haɗeja ba ta da masana, bai taɓa haɗuwa da Dakta Abdulmannan Yunusa ba. Mutum ne da Allah ya hore wa ilimin da ya fi ƙarfin kansa, shi ya sa kullum hularsa take a karkace. Katin sunansa kuwa sai ka juya bayansa kafin ka gama karanta muƙaman da ke jiki. Digirinsa na dakta ya samo shi ne a wata jami'a da ke ƙetaren iyaka, jami'a mai sanin darajar manya, wadda ba ta wahalar da su da shiga aji ko zana jarrabawa. Shi ne ya kafa Cibiyar Hangen Gobe, mai ofis a saman wani shagon cajin waya kusa da tasha. Shi ne daraktanta, shi ne mataimakin darakta, kuma ba a taɓa jin saɓani tsakanin su biyun ba.

An taɓa gayyatarsa wani suna, aka ce ya rufe taro da addu'a. Ya miƙe ya yi bayanin yadda Najeriya za ta sauka a duniyar wata, har masa ta huce a faranti. Tun ranar 'yan a-daidaita-sahu suka raɗa masa Sama-Jannati. Da labari ya kai kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka rubuta sunan da ruwan gwal a bayan motarsa.

Ana nan sai wani kwamiti a Abuja ya tashi sabunta manufar ƙasa kan kimiyya da ƙirƙira. Suka ce ba za su zauna a ofis su yanke wa mutane abin da ya kamata a bincika ba, za su zaga shiyya-shiyya su ji ta bakin jama'a. Abin da kowace shiyya ta sa a gaba, shi masu bincike za su duƙufa a kai shekaru masu zuwa. Aka zaɓi Haɗeja ta karɓi zama ɗaya, aka ce a kafa ƙaramin kwamitin shirya taro.

Ba a gayyaci Dakta zaman farko ba. Ya ɗauki hakan a matsayin kuskuren mai buga takardu, ya yafe masa. Ya riga kowa zuwa, ya zauna a kan tebur ta wajen da shugaba ke zama, ya baje wayoyinsa a gabansa. Waɗanda suka zo daga baya kunya ta hana su tashe shi. Kafin a watse ya zama shugaban kwamiti, ya kuma gode musu da wannan nauyi da suka ɗora masa ba da son ransa ba.

Sakatariyar kwamitin, Malama Mardiyya, malamar aikin gona ce da ta daɗe tana bincike a fadamar kogin Haɗeja. Ita ta fara kawo shawara. Ta ce babban abin da ke damun yankin shi ne kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa kogi yana juyawa cikin gonaki, kwale-kwalen masunta ba ya ratsawa, tsuntsayen jan-baki kuma sun mayar da ita gida, daga can suke fitowa su cinye shinkafa. Ta ce a ware mata zama guda, a haɗa da maganar ambaliya da irin alkama mai jure zafi.

Dakta ya saurare ta da haƙurin da likita ke sauraron mai ciwon da ba ya warkewa. Sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Malama Mardiyya, ƙasashen duniya suna rububin filaye a sararin samaniya, ke kina so manyan baƙi su taso tun daga Abuja su ji labarin ciyawa. Ciyawa! Me za su ɗauke mu? Makiyaya? Kimiyya ba ta kallon ƙasa, sama take kallo. Ni da kike gani, ko tafiya nake ba na duba inda nake takawa."

Wannan gaskiya ne, domin duk unguwar sun shaida ranar da ya faɗa kwalbati.

Ya fito da nasa tsarin. Zama na farko: Haɗeja da Mallakar Sararin Samaniya. Na biyu: Ƙirƙirarriyar Basira da Mutum-mutumi Mai Tunani. Na uku kuwa, wanda ya ce shi ne ƙashin bayan taron: Hangen Nesa a Jagorancin Kimiyya, Darussa Daga Rayuwar Dakta Abdulmannan Yunusa.

Sai maganar waɗanda za su shugabanci zaman. Dakta ya ce ya duba jihar kaf, ya leƙa maƙwabta, yana neman wanda ya cancanta, bai dace ba. Dole ta sa ya karɓi ukun. Mai gabatar da babban jawabi a kowane zama ma haka aka rasa, ya sake sadaukar da kansa. Da aka zo kan mai yin sharhi a kan jawabin, ya yi ajiyar zuciya ya ce ba adalci ba ne a sa wani ya yi sharhi a kan abin da ba zai fahimta ba.

Sauran zaman kwamitin sun tafi ne a kan manyan matsalolin kimiyya. An shafe yini ana muhawara ko Alhaji Dakta za a rubuta ko Dakta Alhaji. An mayar wa kafinta kujerar shugaba domin tsawonta ɗaya da na sauran. An sake buga ƙyallen sanarwa saboda hoton tauraron ɗan'adam ya fi fuskar Dakta girma.

Da a nan maganar kacala ta mutu, ba don Malam Safiyanu ba, shugaban manoman shinkafa na Guri. Ya zo da mutanensa har ofishin Cibiya, suka hau benen suna haki. Ya ce gonakin da iyayensu suka bar musu yanzu ruwa ne da ciyawa, samarinsu suna ta tafiya kudu neman abin yi, sun ji an ce gwamnati za ta zo ta tambayi abin da ke damun mutane, shi ne suke roƙon a ba su dama su faɗa. Dakta mutum ne mai tausayin talaka, musamman idan talakan sun cika masa ofis sun tare ƙofa. Ya ba da umarni a kafa musu rumfa a bayan zauren taro, kusa da janareta, a kira ta Zaman Ƙananan Batutuwa, Malama Mardiyya ta je ta ji da su.

Ana gab da taro sai saƙo ya zo cewa tawagar Abuja, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kolo, hantsi kawai za ta yi a Haɗeja, kafin azahar ta wuce wata jiha. Dakta bai yi wata-wata ba ya ce a dawo da zamansa ukun cikin hantsin, domin ba zai yiwu Farfesa ya tafi da kashi ɗaya cikin uku na iliminsa ba. Malama Mardiyya ta nuna masa cewa ɗakuna uku ne a lokaci guda, shi kuma mutum ɗaya ne.

"A jiki nake mutum ɗaya," in ji Dakta.

Bai tambayi ko wane ne Farfesa Kolo ba. Ya riga ya gan shi a zuciyarsa: ƙaton mutum mai tumbi da sanda, 'yan sanda gaba da baya.

Ranar taro Dakta ya sha babbar riga mai aska, ya ɗora rigar jami'a mai ja da shuɗi a kai, ya kafa hular digiri mai igiya a saman tasa hular. Rana ta buɗe, zufa ta fara bin wuyansa, amma ilimi ba ya samuwa sai da wahala. Ya tsaya a bakin zaure yana kasa kunne ya ji jiniya.

Ba jiniya. Sai wata a-daidaita-sahu da ta tsaya, wata dattijuwa ta sauko da hijabi ruwan toka da jaka a kafaɗa. Ta yi sallama, ta wuce ciki, ta nufi sahun gaba ta zauna a kujerar da aka lulluɓe da farin yadi. Dakta ya bi ta da sauri, rigunansa suna kaɗawa.

"Hajiya, Hajiya, wannan kujerar ta babban baƙo ce daga Abuja. Nan wurin masana ne. Ƙungiyoyin mata da manoma suna can baya, a rumfa."

Ta ɗago ta dube shi tun daga hular sama har ta ƙasa, ta tambaye shi me ake tattaunawa a rumfar. Ya ce ciyawa. Ta ce to madalla, ta ɗauki jakarta ta fita.

Da jira ya yi jira, Dakta ya yanke shawarar a fara, Farfesa ya tarar da ilimi yana zuba. A ɗaki na farko ya zauna a kujerar shugaba ya gabatar da mai jawabi da kalmomin da suka sa shi kansa ya sunkuyar da kai don kunya, sannan ya tashi ya je gaban lasifika ya gode wa shugaba. Yana tsakiyar harba roka daga bakin kogi sai ya tuna ɗaki na biyu. Ya tattare riga ya ruga. A can ya buɗe taro, ya ruga na uku, ya dawo na farko ya tarar ya manta inda ya tsaya. Takardunsa suka cakuɗe. Masu sauraron sararin samaniya suka ji labarin yadda ya zo na ɗaya a firamare. Masu jiran tarihin rayuwarsa aka shaida musu cewa ba shi da zuciya sai batir. A wani ɗakin ya yi wa kansa tambaya mai zafi, ya ce lokaci ba zai bari ya amsa ba.

Yawancin masu sauraron ɗalibai ne da aka kwaso da alkawarin abincin rana. Duk fitar da ya yi sai wasu su sulale. Daga bayan zaure hayaniyar rumfa take tasowa har ta danne ƙarar janareta, mutane suna magana da zafi kamar abin ya shafe su. Zagayen Dakta na ƙarshe ya tarar ɗaki na farko ba kowa sai mai kula da lasifika, da farar kujerar nan a sahun gaba. Ya fuskanci kujerar ya ƙarasa jawabinsa, don kada ilimi ya zube a banza.

Tafin da ya ɓarke a baya ne ya ƙure haƙurinsa. Ya fita don ya tsawatar, sai ya iske rumfa ta cika ta batse, masunta da manoma da ɗalibansa duk a tsaye. Malam Safiyanu yana nuna yadda ruwa ya bar hanyarsa, Malama Mardiyya tana bayanin gwajin da suka yi na mayar da busasshiyar kacala gawayin girki. A tsakiya, kan benci, dattijuwar nan ce take rubutu tana jefa tambayoyi. A bayanta wasu mutane masu kwat suna tsaye, suna ba ta haƙurin tayar motarsu da ta fashe a shigowa gari, kowannensu yana cewa Farfesa.

Farfesa Falmata Kolo ce.

Da wani ƙaramin mutum ne, da ya so ƙasa ta tsage ya shige. Dakta ba ƙaramin mutum ba ne. Ya gyara igiyar hularsa, ya ratsa jama'a, ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, ai na gane ki tun saukowarki. Da gangan na turo ki nan. Dabara ce ta kimiyya, a kai mai bincike wurin matsala ba tare da ya shirya ba."

Farfesa ta rufe alƙalaminta. "Na gode, Malam. Tun da na fara wannan zagayen ba a taɓa korata zuwa wuri mai amfani irin wannan ba."

Mutane suka yi dariya. Dakta bai ji dariyar ba, kiran Malam ɗin nan da ta yi masa ne ya tsaya masa a rai.

Bayan wasu watanni rahoton kwamitin ya fito, maganar kacala da ambaliya tana kan gaba a abubuwan da shiyyar ke so a bincika. Ranar Dakta ya gano cewa tun yana yaro kacala ke hana shi barci. Ya shiga gidan rediyo ya bayyana yadda ya yi ta fama da 'yan kwamiti masu son maganar roka har ya shawo kansu. Ya buga sabon kati, aka matse sauran muƙaman aka ƙara Jagoran Yaƙi da Kacala na Ƙasa.

Da 'yan talabijin suka zo ɗaukar rahoto a fadama, ya ce ba mai kai su sai shi. Suka fita gari a motarsa. Da kwalta ta ƙare, ya dubi taɓon da ke gaba, ya dubi farin takalminsa, ya ce ba sai an yi nisa ba, ga abokiyar gaba nan a gefen hanya. Ya fito ya tsaya a kan tudu, wani kore shar yana kaɗawa a bayansa har iyakar gani. Ya miƙa hannu ya nuna.

"Ku dube ta da kyau. Wannan muguwar ciyawa ita ta talauta iyayenmu. Na yi rantsuwa ba zan huta ba sai an tumɓuke ta an banka mata wuta, ko tsinke ɗaya kada ya rage."

Da yamma aka nuna shi, Haɗeja duka ta gani. Abin da ke bayansa shinkafa ce ta fara fitar da kai. Kuma ba ta kowa ba ce, gonar gadon gidansu ce, wadda ƙaninsa ke nomawa yana aiko masa da buhuna kowace kaka.

Matarsa Hajiya Asabe ta kashe talabijin, ta ajiye masa kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe, ta buɗe murfin.

"Ci da kyau, Dakta," ta ce. "Kacalar bara ce, ta kusa ƙarewa."