Ranar da Na Sa Aka Gwada Hannuwa a Dakoro

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwa a Dakoro, ba da jimawa ba bayan samun mulkin kai. Lokacin watana uku da zama komi, wato ƙaramin magatakarda, a biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin. Ina ji da kaina ƙwarai. (Ko gaisuwar mahaifiyata sai na sa mata kalmar Faransanci.)

Wani jami'i ya zo daga Yamai don ya yi bayanin ƙidayar masu ƙarfin aiki da za a yi. Ba ya jin Hausa, tafintanmu kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi. Tun ba a tambaye ni ba na ce zan iya.

Kumandan ya ja ni gefe. "Ka bi a hankali. Mutanen nan ba su manta da aikin dole na zamanin Nasara ba. In suka tsorata suka ɓoye samarinsu, ƙidaya ta lalace, kai kuma ka nemi wani aiki."

Aka taru gindin bishiya: manoma daga Rumbu da Ɗan Gulbi, makiyaya, 'yan kasuwa, kowa fuska a ɗaure. Da farko abin ya tafi daidai. Sai baƙon ya shiga kwatanta ƙasarmu da Nijeriya. Abin da yake nufi shi ne masu aiki a can sun fi namu yawa nesa ba kusa ba, don haka dole mu san adadin namu. To, kalmar da Faransawa ke kiran taron ma'aikata da ita, ashe da "hannu" take farawa. Ni ban taɓa jin ta ba. Hannun kawai na kama.

Na gyara murya na ce, "Baƙo ya ce an bincika, hannun 'yan Nijeriya ya fi namu girma. Shi ya sa gwamnati ke son ta san girman namu."

Sai Magaji maƙeri ya miƙe, ya ɗaga tafinsa mai faɗin faifai.

"Ɗan nan, mi ka ce? Wa ya auna?"

Akwai wani Alhaji siriri da ya zo daga Jibiya ta Nijeriya sayen raguna. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, aka jawo shi tsakiyar fili. Magaji ya ɗora tafinsa a kan nasa, hannun Alhaji ya ɓace ɓat. Aka ɗauki sowa. Wata mai fura ta kutso tana cewa a gwada da nata ma, shekara talatin tana daka.

Baƙon ya tambaye ni abin da ke faruwa. Na ce, "Goyon baya suke nunawa." (Allah Ya yafe mini.)

Ashe a cikin taron akwai Baba Kafaran, tsohon sojan da ya yi yaƙi a Turai. Ya dogara sandarsa ya taso, ya zayyana wa baƙon komai da irin Faransancinsa na bariki, yana nuna ni da yatsa. Na saci kallon kumandan. Gumi ya jiƙa mini riga, na fara tunanin gonar gyaɗar babana da yadda zan koma mata.

Baƙon ya dubi hannunsa, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya je da kansa ya haɗa tafi da Magaji, shi ma aka cinye shi. Daga nan Baba Kafaran ya karɓi tafintar.

Wani dattijo ya ce, "Wato ba kwasar ɗiyanmu za a yi ba?"

Baƙon ya rantse ba haka ba ne. Mutanen da suka zo da niyyar ɓoye samarinsu suka tashi suna raha, washegari kuma suka kawo sunaye da kansu.

Da muka koma biro na tsaya ina jiran takardar sallama. Kumandan ya daɗe yana kallona, sannan ya turo mini wani ƙaton ƙamus. "Shafi biyu kullum. Je ka."

Ban taɓa jin daɗin horo irin wannan ba. Tun daga ranar, in na ji kalmar da ban sani ba, sai in ce a maimaita mini. Kunyar tambaya minti ɗaya ce. Waccan kuwa, sai da aka yi mini canjin gari kafin a daina kirana Komi Mai Awon Hannu.