Tanwir Sahib, Kwastan Imel

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Tanwir Sahib a gardama, kuma wani mai sayar da biriyani ne ya yi wannan aika-aika. Tanwir ya tsaya a bakin tukunya yana yi masa lacca, wai dankali a cikin shinkafa ya saɓa wa tsari. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya janye farantinsa, ya miƙa wa na baya. Da yunwa gwarzon namu ya wuni.

Amma a kamfanin fitar da mangwaro na birnin Multan, inda yake aiki kuma imel ke hannunsa, wa ya isa? Duk saƙon da ya zo ba hatimin da ke shaida inda ya fito, a ƙofa Tanwir ke tare shi. Ma'aikata suka raɗa masa Kwastan. Ya ɗauka yabo ne, har ya ƙara wa gashin bakinsa mai.

Ya tare mai kawo kwalaye. Ya tare kawunsa. Kada kuma ku ce ba shi da tausayi: duk wanda ya tare, yakan aika masa dogon wa'azi, ya ce in da ƙorafi a amsa ta imel. Amsa ta zo, ta tarar da ƙofa a garƙame. Tanwir kan bugi ƙirji ya ce ko mutum ɗaya bai taɓa kuka da shi ba.

Da mangwaro ya nuna, Baji Shagufta mai kamfanin ta cika sito, tana jiran babban mai sayen kayanta na birnin Almati ya ce a loda. Shiru. Mangwaro ya yi laushi, ƙudaje suka tare da iyalansu. Da ta gaji ta buga waya, mutumin ya ce ya rubuto har yatsunsa sun sage, wa'azi kawai ake maido masa, shi ya sa ya saya a wurin maƙwabcinta.

Ta ja Tanwir har cikin sito.

"Shaƙa, ƙanena. Ƙamshin aikinka ne."

Ya toshe hanci, ya bayyana mata cewa na'urar da ke aiko da imel ɗin mutumin ko gaisuwa ba ta iya ba, ko sunan kanta ba ta faɗa. Baji ta ce ita ciniki take nema, ba suruki ba. Ta tambaye shi me za ta yi da wannan tulin yanzu.

Tanwir ya dubi kwalayen da ke tsiyaya, ya gyara tabarau.

"Baji, ki gode wa Allah. Duk faɗin Multan, mangwaronki ne kaɗai ya ruɓe bisa ƙa'ida."