Irin Da Ya Ƙi Tsirowa A Jajimaji

Jiya da hantsi na ci ado zan tafi ɗaurin aure, santsi ya kwashe ni a kwatar bayan kasuwar kifi ta Nguru. Na fito babbar rigata ta koma kore shar da gansakuka. Maƙwabcina Ajimi, masunci, shi ya ciro ni.

"Kai wanki kawai za ka yi, Malam," in ji shi. "Ni inda kwatar nan take zuba a tafki, kifina ne ke tasowa ciki sama."

'Yarsa Rumaisa, wadda ta karanta kimiyya, ta daɗe da gano ciwon. Ruwan wanki da ragowar takin zamani suna kwaso wani sinadari, fosfet, zuwa tafki. Gansakuka ta ci ta ƙoshi, ta toshe wa kifi numfashi. Yarinyar nan ta daka ƙashin kifi da ɓawon ƙwai, ta zuba a durom na ruwan kwata. Da idona na ga sinadarin ya manne wa garin, ya daskare kamar kanwa.

"Baba, wannan garin shi ake kira iri," ta ce da ni, "don a kansa daskararren yake girma. In an kwashe kuma, taki ne."

Ta rubuta takarda ta kai wa manya. Ranka Ya Daɗe Mai Doguwar Hula ya yaba ƙwarai, Allah ya ƙara masa basira. Sai dai ƙashin kifi bai dace da martabarsa ba. Aka tura tawaga ƙasar waje, ta dawo da buhuna masu rubutun zinare, cike da wata farar tsakuwa a madadin garin ƙashin. Aka kafa rumfa, aka kira makaɗa. Ba a gayyaci Rumaisa ba, kujeru sun yi kaɗan.

Mai Doguwar Hula ya duba takardar Rumaisa, ya ga an rubuta iri, ga damina ta kawo kai. Nan take ya raba wa manoma mudu-mudu, ana ɗaukar hoto.

Ɗan'auta, surukina na Jajimaji, ya share rabin gonar geronsa ya shuka. Sati uku yana zagaye. Shekaranjiya ya kira ni: "Yaya, wai kwana nawa yake yi kafin ya tsiro?" Iyalinsa tara ne.

Rumaisa ta koma ofis ta yi bayani. Suka ce ta rage gaggawa, an kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna a Gashua, ya ci kaji, ya gano cewa ƙarancin ruwan sama ne ya hana irin fitowa. Yanzu an umarce mu mu fita roƙon ruwa ranar Alhamis.

Zan je, ni mai biyayya ne. Amma a sahun baya zan tsaya, kada liman ya waiwayo ya tambayi abin da aka shuka.