Wa Zai Dafa Bayan Bushiya?

A wani daji mai yawan itatuwan ɗinya, akwai kasuwa da ke ci a gindin wata tsohuwar tsamiya. Al'adar kasuwar tun kaka da kakanni ita ce, ba mai kafa rumfa sai wani babba mai rumfa ya fito gaban majalisa ya ɗora tafin hannu a bayansa, alamar ya tsaya masa. Al'ada ce mai kyau ƙwarai, in dai bayanka mai laushi ne.

Bushiya kuwa ta iya alewar ɗinya. In ta ɗora tukunya, har ƙudan zuma sukan bar furanni su zo suna shawagi, kishi na cinsu. Burinta bai wuce 'yar rumfa mai rufin zana a bakin hanyar rafi ba, kuma ko a mafarki ta gan ta sai zuciyarta ta yi fari kamar auduga. Ga ɗinya ta nuna tana zuba. In lokacin ɗinya ya wuce ba rumfa, sai kuma baɗi.

Ta fara zuwa wurin Raƙumin Dawa, shugaban kwamitin tallafa wa masu tasowa. Ya sunkuyo da fara'a ya ce, "'Yata, kin zo inda ya dace. Mu ba ma nuna bambanci. Tukwane, zana, itacen girki, duk mun tanada domin irinku, mun rataye su a reshen can na ƙoli, a fili, inda kowa zai gani. Mai so ya miƙa wuya ya ɗauka. Abin da ke ba mu mamaki, shekara da shekaru ƙananan dabbobi ba sa zuwa ɗauka. Yaran yanzu ba himma."

Bushiya ta ɗaga kai tana neman reshen har ta faɗi da baya. Ta tashi ta yi godiya.

Ranar majalisa manya suka sa ta a tsakiya. Ɓauna ya daka mata tsawa, wai ita 'yar waye a kasuwa, wa ta sani, wa ya san ta. Ita kuwa Bushiya haka Allah ya yi ta, in ta tsorata sai ta dunƙule, ƙayoyinta su miƙe. Kura ta miƙo hannu, ta duba, sai ta tuna tana fama da ɗan karkare. Gwaggon Biri ya ce shi jiya ya dafa wa ɗan ƙanwarsa, hannun bai huce ba tukuna. Mai uwa a gindin murhu dai ba ya cin tuwo gaya. Alewar da ta kawo kuwa sun cinye ta tas, domin bincike.

Tana kuka a ƙofar raminta sai maƙwabcinta Kurege ya leƙo. Ya ce kuka ba ya kafa rumfa, da ɗan gari akan ci gari. Ƙawar matarsa, Gafiya, ta san wani tsoho Damo mai sayar da sassaƙe a can ƙarshen kasuwa, inda manya ba sa takawa. Gafiya ta kai ta.

Damo ya gutsuri alewa, ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Ya ce rabonsa da jin irin wannan zaƙi tun yana neman auren marigayiya matarsa, sannan ya goge ido da wutsiya, wai hayaƙi ne.

Da kasuwa ta zagayo, ya jawo jiki zuwa gaban majalisa. Bai yi wa Bushiya tambaya ko ɗaya ba. Sai ya raɗa mata a kunne yadda Ɓauna, yana saurayi, ya maƙale a taɓo a gaban budurwarsa. Bushiya ta ƙyalƙyale da dariya, ƙayoyin suka kwanta, Damo ya ɗora hannu. Amma ƙaya ko ta kwanta ƙaya ce. Jini ya ɗigo.

"Baba, na ji maka ciwo," in ji Bushiya, hawaye na zubo mata.

"Ke rabu da shi, jikata. Na dafa, kowa ya gani. Jinin kuma nawa ne, ba na majalisa ba. Je ki hura wuta kafin ɗinya ta ruɓe."

Kurege ya hau tsamiya ya jeho mata zana daga reshen nan na kwamiti, Gafiya ta ara mata tukunya. Kafin ɗinya ta ƙare, layin masu sayen alewa ya kai bakin rafi, har daga wasu dazuzzuka ake aiko.

Sai majalisa ta shirya biki don nuna wa duniya yadda take raino. Raƙumin Dawa ya ce ai da zanar kwamitinsa aka yi rufin. Ɓauna ya ce tsawarsa ce ta ƙarfafa mata zuciya. Kura da Gwaggon Biri suka kusa dambe kan wanda ya fara dafa mata baya. Bushiya tana raba alewa tana murmushi, ta ɓoye mafi girma don kai wa Damo, wanda aka manta ba a gayyata ba.

Da aka zo yin tafi, manya suka ɗaga hannuwa sama, tafin kowa sumul, mashallah.